Shekarar da Muka Nome Furen Mis Loreta

Da sunan Allah, mai saukar da ruwa inda ya so, mai riƙe shi daga inda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, bana rabonmu da ruwan kirki a Greensboro, garin da muke zaune a ƙasar waje, tun farkon watan Yuni. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi duhu, ya yi tsawa, sa'an nan ya karkata ya je ya zuba wa wasu. Jar ƙasar garin nan, wadda idan ta jiƙe take riƙe takalmi kamar danƙo, ta tsattsage har mutum yana iya zura yatsa. Likita ya ɗora mini tafiyar ƙafa saboda gwiwa da sukari, don haka 'yata Asma'u takan kai ni wata hanya da ke bin gefen rafi idan ta taso daga aiki. Ba na son tafiyar. Ina yin ta ne kamar yadda ake haɗiye magani.

Shekaranjiya, daidai inda itatuwa suka ƙare fili ya soma, na ga wani kara a tsaye, tsawonsa ya kai ƙirjina, furanni shuɗaye suna hawa jikinsa. Na tsaya cik.

"Baba, are you okay? Ka gaji ne, mu koma mota?"

Na ce mata ba gajiya ba ce. Ta bi idona, ta ɗaga waya ta haska furen, kafin in sauke numfashi wayar ta faɗi sunansa da danginsa da irin wurin da yake fitowa. Ni kuwa wannan sanin sai da na ba shi shekarar fari, da azumi a cikinta, kafin in same shi.

Kusan shekara ashirin ke nan. Masaƙu da masana'antun kujeru na yankin nan suna ta rufewa, an rage wa mutanenmu kwanakin aiki. Ni ma da nake jera kaya a wani sito da rana, in karantar da yara da yamma, an rage mini. Gidaje ƙalilan ne mu a lokacin, wasu daga Nijeriya, wasu daga Nijar, kuma kowace tukunya ta soma jin abin. A kan layinmu a gabashin gari akwai wata tsohuwa baƙar fata, Mis Loreta, wadda ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'yarta tana wani gari, ga kuma fili babba a bayan gidanta wanda ya fi ƙarfinta. Na roƙe ta aronsa domin mu shuka kayan miya, mu ci ɗanye, mu shanya na sanyi. Ta yarda, ba haya, ba takarda. Ni na tsaya a gabanta na ce na ɗauki amanar, saboda haka da sunana aka yi aron.

Sharaɗi guda ta kafa. Filin yana gangarawa zuwa wani ɗan rafi, kuma a can ƙasa, inda inuwar itatuwa take faɗowa da rana ta karkata, akwai wani lungu mai laima. Ta nuna shi da sandarta ta ce wannan nata ne, ba ya cikin aro. Na duba ban ga komai ba sai wasu ganyaye a kwance a ƙasa, masu faɗi kamar tafin hannun jariri. Na koma na shaida wa jama'a yadda ta faɗa: lungun ƙasa na mai gida ne.

Muka sa gayya wata Asabar cikin Afrilu. Da asubar ranar aka kira ni wankan gawa da jana'iza a wani gari, sai na bar aikin a hannun Isuhu, mutumin ƙasar Maraɗi, manomi ɗan manomi, wanda fartanyarsa ma daga gida ya sa aka ƙero masa. A wajenmu kuwa, wanda aka ara wa gona ba ya wuce ta mai ita da ciyawa a ciki. Idan an yi gayya da ta mai gona ake farawa, balle tsohuwa, balle wadda ba ta da miji. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya yi shawara. Kowa ya san ladabin. Mis Loreta ta tafi taron cocinsu tun safe, su kuwa suka gangara lungun nan da ƙarfin farkon yini, suka nome shi tas, suka kwashe ciyawar cikin buhunan leda, motar shara ta tafi da ita.

Na iso bayan la'asar, Isuhu ya tare ni yana share gumi da hularsa.

"Malam, taho ka ga aiki! Da na Madam muka fara. Ko tsinke ba mu bari ba, har kunya muka tada mata. Wallahi in ta gani sai ta yi kuka."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mana sauƙi. Ta gangaro da kayan cocinta da hularta, ta tsaya a bakin lungun ta daɗe, sa'an nan ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa ɗalibin da ba shi da laifi amma bai gane ba. Furen daji ne, suna kiransa da sunan da ma'anarsa furen ƙararrawa. Uwarta ce ta taho da irinsa daga gonar da aka haife ta, lokacin da suka baro ƙauye. Ba ya barin saiwa kamar itace. Yana fara rayuwarsa da ganye a kwance, ya sha sanyi a haka, sai da zafi ya dawo ya miƙe, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Na bana daga irin bara yake. Mu kuwa mun kwashe wanda zai miƙe bana da wanda yake jiran baɗi a rana ɗaya.

Mun san albasa tana yin haka, sai an sake dasa ta take ba da iri. Amma ciyawar daji a ƙasarmu damina guda take yi ta gama al'amarinta. Ba mu taɓa sanin haki yana da shekarar jira ba.

Ta ce: "Abin da kuka shuka ku girbe, ba zan hana yara abinci ba. Bayan haka ina son filina."

A mota, bayan mun wuce fitilu biyu na hanya, Isuhu ya ce:

"Malam, ana cin abin nan?"

Na ce a'a.

"Magani ne?"

"Ba ta ce ba."

"Bon. Ke nan saboda ciyawa za a kore mu daga jardan, mu rasa gonar?"

Hukuncin a wurina bai ɓuya ba. Lungun ba ya cikin aro, don haka ɓarna ce a dukiyar wani. Kyakkyawar niyya tana ɗauke zunubi, ba ta ɗauke lamuni. Malaman fiƙihu kuwa sun raba abin da aka ɓata gida biyu: mai tamka, kamar gero da gero, a biya shi da tamkarsa, da wanda ba shi da tamka, a biya ƙimarsa. Na auna, na ga wannan iri ne, iri kuwa yana da tamka. Washegari na koma na gaya mata abin da addininmu ya ɗora mini. Ta ce wanda ake sayarwa a kanti wani dangi ne daban, nata sai a daji. Ta buɗe wani littafin tsirrai ta nuna mini zanensa. Ba ta ce idan na kawo za ta bar mana filin ba, ni ma ban tambaya ba. Maiɗakina, Hajiya Rabi, ta yi tuwon shinkafa da miyar gyaɗa ta aika mata. Kwano ya dawo a wanke, da godiya, magana tana nan inda take.

Sai ruwa ya ɗauke.

Mu mutanen ƙasar fari ne, amma mun ɗauka mun zo inda ba a roƙon ruwa, domin tun zuwanmu kowane wata sai an yi. Wannan shekarar sama ta yi fari fat kamar bayan kwanon sha. Zafin nan ba irin namu ba ne wanda ke busar da gumi. Wannan yana manne wa mutum, riga ta jiƙe ta ƙi bushewa, amma ƙasa ba ta samu ko ɗigo ba. Kunyoyin da muka tada, waɗanda a gida suke tsare shuka daga kwanciyar ruwa, a nan suka gasu kamar tubali, fartanya tana dukansu tana ƙara. Hukumar gari ta hana ban ruwa da famfo. Hanyata ta zuwa sito takan bi ta unguwar masu hali ta Irving Park, inda ciyawar wasu gidaje take kore shar, an kafa ƙananan alluna masu cewa ruwan rijiyarsu ne.

Kowane gida namu ya koma tara ruwan da ya riga ya yi aiki. Hajiya Rabi ta sa roba a ƙarƙashin mai alwala, ta sa bokiti a wurin wanka, ruwan wankin shinkafa da na ganye duk a juye a jarka. Da yamma a loda a bayan mota. Isuhu yana kiran jarkokin bido, yana kuma sanin na kowane gida da ƙamshinsa: na wane sabulu, na wane albasa. A zuba wa kowace shuka kofi guda a gindinta, a rufe da busasshiyar ciyawa. Kuɓewa ta tsaya a gwiwa, 'ya'yanta suna tauri tun suna ƙanana. Tumatir ya baƙanta ta ƙasa. Yakuwa tana naɗe ganye da hantsi, ba ta buɗewa sai magariba. Rama ce kaɗai ta daure. Mun yi sallar roƙon ruwa a filin ajiye motoci, kwalta tana ƙona goshi ta cikin darduma.

A cikin wannan hali nake neman furen. Idan na tashi aiki sai Isuhu ya ɗauke ni a motarsa mu fita bayan gari. Yana gunaguni, amma bai taɓa barina in tafi ni kaɗai ba. Da fari mun bi filaye buɗaɗɗu, tunda an ce furen filin kiwo ne. Ba mu ga komai ba sai ƙayoyi da ciyawa mai launin toka. Muka shiga cikin kurmi, inda rana ba ta kai ƙasa. Nan ma babu, sai kaska da muka kwaso a ƙafa, da wani ganye mai dafi da ya sa hannuwan Isuhu suka yi ƙuraje har gwiwar hannu.

"Malam, ni na nome ciyawa, ciyawa ta rama. An yi kunnen doki. Mu koma gida."

Sannu a hankali na gane kuskurenmu. Na koma na zauna a bakin lungun Mis Loreta na lura da shi yini guda. Rana tana samunsa da safe, inuwa ta rufe shi kafin zafi ya yi tsanani. Ƙasarsa baƙa-baƙa ce saboda ruɓaɓɓen ganye, ba ja ba, kuma idan ka tona da yatsa akwai sanyi, amma ruwa ba ya kwanciya. Ba na fili ba ne, ba na kurmi ba ne. A kan iyakarsu yake zama. Daga nan muka daina shiga ko'ina, muka riƙa bin baki-baki.

Ƙarshen Agusta muka same shi, a gonar wani Bature mai noman ciyawar shanu, inda makiyayarsa take gangarawa rafi. Tsiraru ne, fari ya taƙaita su, barewa kuma ta cinye kawunan mafi yawa. Na durƙusa na dube shi da kyau. Karan guda ne, miƙaƙƙe, idan ka karya ganye farin ruwa ya fito kamar nono. Ganyen sama dogaye ne masu tsini da ƙananan haƙora a gefe, ba su yi kama da na ƙasa ba ko kaɗan. Sunan ƙararrawa kuwa na danginsa ne. Shi a buɗe yake kamar tauraro mai kusurwa biyar, da farin zobe a tsakiya, da wani siririn harshe da ya sauko ya lanƙwashe sama. Ƙudan zuma suna ta kai da kawo a kansa kamar ba fari ake yi ba.

Na nemi izinin mai gonar, domin ba zan biya ɓarna da sata ba. Ya dube mu, ya dubi furen, ya tura hularsa baya ya ce mu ɗauki duk abin da muke so, in muna son sauran ciyayin ma ga su nan. Muka kewaye karan da ragar waya saboda barewa, muka jira iri ya nuna.

Azumi ya kama cikin Satumba, zafi bai sauka ba. Sahur ɗinmu kunu ne da abin da ya kwana, buɗa-baki dabino da ruwa da miyar rama, yau rama, gobe rama. Da la'asar, lokacin da harshe yake manne wa dasashi, muke zuwa ɗibar iri. Kwansonsa ƙarami ne, idan ya bushe sai ƙananan ƙofofi su buɗe a kusa da samansa, iska ta kaɗa karan ya riƙa zubarwa kaɗan-kaɗan. Muka riƙa sunkuyar da shi a kan farin hankici muna bugawa da yatsa. Irin ya fi na alayyafo ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk wahalar watannin nan ba ta cika cokalin shayi ba.

"Malam, don Allah kada ka yi atishawa," in ji Isuhu. "In ka yi, mun koma Afrilu."

Ranar shuka muka baje kunyoyin da aka tada a lungun nan. Isuhu ya sari rami, ya ɗaga dunduniya zai binne kamar yadda aka koya mana tun muna bin iyayenmu a gona. Sai muka ji sanda tana bugun dutse a bayanmu. Mis Loreta ce, ba mu san ta gangaro ba. Ta ce ba a binne shi. A watsa a sama, a danna da tafin hannu, domin sai ya ga haske yake tsirowa. Ta ƙara da cewa idan ya tsiro kafin sanyi, zai yi fure baɗi. Idan ƙasa ta bushe ya jira har bayan sanyi, sai shekara ta sake zagayowa.

"Ni kuwa ban yi wa kowa alkawarin shekara biyu ba," in ji ta, ta juya.

Ke nan dole fuskar ƙasar ta zauna da laima kullum, a watan da ba ruwa. Ban ga daidai ba ne in taɓa jarkokin sauran gidaje, tunda ni na ɗauki amanar. Na juya na gidana kaf zuwa lungun. Hajiya Rabi tana juye robar alwala ta ce:

"Malam, yanzu ruwan nan da nake tarawa kamar mai, furen da ba a miya da shi za ka kai wa? Yakuwata fa?"

Na ce haƙƙin wani ne.

"Na ji. Cikin yaran nan kuma haƙƙin wa ne?"

Ta ci gaba da tarawa, har ta ƙara wata roba a wurin wanke-wanke, amma ta yi kwanaki ba ta tambaye ni labarin gona ba. Ina fesa ruwan da tafin hannu safe da yamma don kada ya kwashe irin, ina jin sanyinsa a fata, bakina a bushe. Layin yakuwarmu ya yi ja, ya zube.

Bayan salla da 'yan kwanaki na ga wasu ɗigo-ɗigo kore a kan ƙasar, sai na kwanta rub da ciki kafin in tabbatar ganye ne. Ruwa bai zo ba sai ƙarshen Oktoba, lokacin da ba abin da zai ceta. Muka kwashe ɗan abin da aka samu, aka raba, muka mayar mata da filinta. Busasshiyar kuɓewar gidana ta ƙare tun sanyi bai kai tsakiya ba. Muka ƙarasa da kabeji, yara suna juya cokali a kwano suna kallon uwarsu.

Da sanyi nakan leƙa in ga ganyen a manne da ƙasa, raɓa ta daskare a kansu, gefensu ya yi ja kamar sun mutu. Da zafi ya soma dawowa ruwa ya dawo tare da shi, filin nan da muka gyara ya cika da ciyawa har ƙugu. Lokacin shuka ya zo ya wuce, ba mu da wurin sa iri. Isuhu yakan raka ni, ya tsaya daga sama, hannuwansa a baya.

"Ka ga ƙasa, Malam? Ka ga ruwa? Bana da ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Hannuna ƙaiƙayi yake."

Ni kaɗai nake gangarawa, ba fartanya, in cire da yatsa abin da Mis Loreta ta nuna da sandarta kawai.

Cikin Yuli furen ya buɗe. Ba su da yawa, amma sun miƙe, wasu sun fi ni tsawo. Na je na yi mata sallama. Ƙafarta ta ƙara nauyi a wannan shekarar, gangarowar ta ɗauke ta lokaci, muna biye da ita ba mu taɓa ta ba. Ta tsaya. Ta jawo kara guda kusa da fuskarta, ta cire tabarau, ta mayar.

"Na uwata ya fi wannan duhu," in ji ta. "Nata kamar an tsoma shi a shuni yake. Wannan fari-fari ne."

Ta saki karan ya koma tsaye.

"Danginsa ne. Ba shi ba ne."

Nan na ga inda ƙiyasina ya zame. Na sa shi cikin abubuwa masu tamka, alhali ba shi da ita. Ƙimarsa kuwa ba kasuwar da za a je a tambaya. Na ce mata: "Mama, to ban san da abin da zan biya ki ba."

Ta ɗaga kai ta dubi filin da ya zama daji tun daga rafi har bayan ɗakin girkinta.

"Wannan yana tara mini macizai," ta ce. "Kuɓewa tana iya nuna kafin sanyi idan ta shiga ƙasa cikin makon nan."

Ta kama hanyar hawa. Isuhu, wanda Turancinsa bai wuce na wurin aiki ba, ya ja hannun rigata.

"Mi ta ce? Ta yafe?"

"Ba ta ce ba."

"To mi ta ce?"

"Ta ce mu shuka kuɓewa."

Mun noma filin nan shekaru bayan haka, har aka sayar da gidan. Takan karɓi rabonta na kuɓewa, ta yi godiya, ta tambayi lafiyar Hajiya da yara. Har ta rasu ban ji kalmar yafiya daga bakinta ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Na sa al'amarin cikin abubuwan da zan tarar a gaba. Allah ya sa mu tarar da sauƙi.